Ajiyar Dare

A Tromso rana ta yi ƙaura tun Nuwamba,
ba ta bar wa kowa sallahu ba.
Ƙarfe biyun rana da ƙarfe biyun dare
uwa ɗaya uba ɗaya.
A hawa na huɗu na asibitin jami'a
Dokta Ingunn Sandvik ta kunna fitilar tebur,
ta zuba gahawa a kofin da kunnensa ya karye.

Ɗaki na uku, Torleif ne,
tsohon masunci, tamanin ba ɗaya,
tafin hannunsa kamar busasshen kifi.
Ta manna masa wayoyi ashirin da ɗaya a fatar kai.
Ya ce, "Yarinya, yau ni ne a cikin taru,
ni da na kwashe rabin tekun nan."
Ta ba shi kalmomi goma sha biyu ya riƙe:
cokali, gada, tuffa, makulli, da sauransu.
"Ajiya ce," in ji ta, "da safe zan karɓa."

Ta koma bayan gilashi.
Layuka na rarrafe a fuskar na'ura.
A kan matashi sukan tashi manya-manya,
igiyar ruwa mai nauyi, mai tafiyar ƙasaita.
A kan Torleif kuwa
ruwan kwano ne da aka ɗan girgiza.

Shekara goma sha shida tana bin sawu ɗaya:
ina dare ke kai abin da yini ya tara?
Zatonta, barci mai nauyi ɗan dako ne,
shi ke kwashe kaya daga bakin ƙofa zuwa ɗakin ajiya.
In ya tsufa, gwiwa ta ƙi,
sai kaya su kwana a waje,
dusar ƙanƙara ta binne su.

Minshari ya yanke.
Ƙirji ya tsaya cak.
Ta ƙirga: goma, sha biyar, sha tara,
sannan ya fizgo iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa.
Sau arba'in da ɗaya kafin asuba.
Gobe zai rantse ko juyi bai yi ba.
Dare mahutar bawa, aka ce,
wannan bawan aikin ƙarfi yake yi a kwance.

Uku da kwata waya ta yi ƙara.
Aslaug ce, daga gidan kula da tsofaffi a tsallaken gada.
"Ingunn, kin ga takalmin babanki?
Jirgin ruwa zai tafi ya bar shi."
Shekara tara ke nan da binne mai takalmin.
"Na gani, Mama, yana bayan ƙofa.
Koma ki kwanta."
Ta ajiye wayar rub da ciki
a kan takardun da suka kai ta taro har Lisbon,
takardun da ko ɗaya
bai taɓa saya wa Aslaug barcin awa guda ba.

Da safe, in safiya ce wannan,
Torleif ya kawo ajiya.
Cokali. Gada. Ya sosa ƙeya. Makulli.
Da ƙyar aka haɗa biyar.
Sai ya ce, "Gudrun."
"Babu ita a ciki."
"To, da ita na farka."
Daga nan ya jero mata jiragen da ke tashar ruwa
a shekarar da ya auro Gudrun,
goma sha bakwai, kowanne da launin fentinsa,
bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Ta rubuta biyar a gurbin biyar.
Takardar ba ta da gurbin Gudrun,
sai ta sa ta a gefe, da fensir.

A gida ta ja labule, don sabo,
ba don akwai hasken da za a kora ba.
Ta kwanta, ido biyu.
Cokali, gada, tuffa, makulli.
Ta tsaya.
Ita ta rubuta jerin nan da hannunta.
Ta sake ɗaukowa daga cokali.